Harbin: Birnin da Ya Mai da Sanyi Jari, da Haƙƙin da Ke Kan Mai Ziyartarsa

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Disamba zuwa cikin watan Fabrairu, miliyoyin mutane sukan bar garuruwansu masu ɗumi, su biya kuɗin jirgi da na masauki, su nufi birnin Harbin da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin a daidai lokacin da sanyinsa ya kai matuƙa, domin kallon gine-ginen da aka yi da ƙanƙara tsantsa. Harbin shi ne babban birnin lardin Heilongjiang, wanda ya yi iyaka da Rasha, kuma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa mazaunansa, idan aka haɗa da gundumomin da ke ƙarƙashinsa, sun kai miliyan 10. Ra'ayin wannan fili shi ne cewa ziyarar ta cancanci wahalarta ga wanda Allah ya hore wa hali da lafiya, bisa sharaɗin ya fahimci cewa abin da zai gani aikin hannun mutane ne da nacinsu na fiye da shekara sittin, ya kuma shiga birnin da shiri da ladabi, ya nemi sanin tarihinsa mai daɗi da marar daɗi.

Wajibi ne a fara da bayanin sanyin kansa, domin wanda bai taɓa shigarsa ba yakan raina shi. A watan Janairu, matsakaicin yanayin Harbin yakan tsaya a wajajen digiri 17 zuwa 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, wato ma'aunin da ruwa yake daskarewa a kansa idan ya kai sifiri, kuma da dare yakan gangara zuwa 25, wani lokaci har 30 ƙasa da sifiri. Matsakaicin nan kuwa shi ne sanyin da ke cikin firizar da ake daskarar da nama a gidaje, sai dai a can gari ne sukutum yake cikinta tsawon makonni. Dalilin haka shi ne matsayin birnin a doron ƙasa: ko da yake nisansa daga layin da ya raba duniya gida biyu kusan ɗaya yake da na birnin Lyon na Faransa, inda tekun Atalantika yake sassauta hunturu, shi Harbin yana can cikin tudu, a buɗe yake ga busasshiyar iskar da ke kwararowa daga Saberiya da Mongoliya. Saboda bushewar wannan iska, dusar ƙanƙara ba ta cika zuba da yawa ba, sararin sama yakan kasance garau, amma kogin Songhua da ya ratsa birnin yakan daskare ya yi kaurin da motoci suke iya hawa kansa.

Asalin bikin ƙanƙarar da ake zuwa kallo ya samo tushe ne daga dabarar talakawa. Masunta da manoman yankin, waɗanda suke buƙatar haske da dare a cikin iska mai kashe wuta, sukan cika bokiti da ruwa su ajiye a waje, sa'an nan kafin ruwan ya gama daskarewa sai su zazzage shi, su tsiyaye na tsakiya da bai ƙanƙare ba, su sanya kyandir ko aci-balbal a cikin ramin, ta haka su sami fitilar da iska ba ta iya hurewa. A shekarar 1963 hukumomin birnin suka shirya baje kolin irin waɗannan fitilu na ƙanƙara a lambun Zhaolin, a lokacin da ƙasar take farfaɗowa daga matsananciyar yunwa, kuma jama'a suka yi tururuwa zuwa kallo. Juyin Juya Halin Al'adu, wato hargitsin siyasar da ya mamaye ƙasar Sin daga 1966 zuwa 1976, ya dakatar da bikin tsawon shekaru, amma bayan lafawarsa aka farfaɗo da shi, kuma daga 1985 aka tsayar da ranar 5 ga Janairu a matsayin ranar buɗe shi a hukumance. A ƙarshen 1999, domin tarbar sabon ƙarni, aka kafa babban filin da ake kira Duniyar Ƙanƙara da Dusar Ƙanƙara, wanda a yau shi ne ya fi jan hankalin baƙi.

Abin da yawancin hotuna ba sa nunawa shi ne yadda ake samo ƙanƙarar. A farkon Disamba, da zarar saman kogin Songhua ya yi kaurin da ake buƙata, ma'aikata, waɗanda da yawansu manoma ne da masunta da aikinsu ya tsaya saboda hunturu, sukan fita tun kafin asuba su shata layuka a kan kogin, su yanka da zarton inji, su ɓamɓare da sandunan ƙarfe, sa'an nan su jawo tubalan da ƙugiya zuwa inda motoci za su ɗauka, alhali kowane tubali yana da nauyin ɗaruruwan kilo, kuma taku ɗaya na kuskure yana iya jefa mutum cikin ruwan da ke kashewa cikin ɗan lokaci. An fi son ƙanƙarar kogi ne saboda ruwa mai gudu yakan daskare da ƙarancin kumfar iska a cikinsa, don haka yakan fito garau da ƙarfi, haske ya ratsa shi. A wurin ginin, magina sukan feƙe fuskar kowane tubali har ya yi sumul, su ɗora shi a kan ɗan'uwansa, su zuba ruwa a tsakani, ruwan ya daskare nan take ya zama shi ne siminti, yayin da masu aikin lantarki suke shimfiɗa fitilu masu launi a cikin ramukan da aka sassaƙa. Dubban ma'aikata ne suke wannan aiki dare da rana na kimanin mako biyu zuwa uku, kuma domin a fara da wuri, akan adana wani kaso na ƙanƙarar bara a ƙarƙashin tabarmin ciyawa da leda da sauran abubuwan da ke hana zafi shiga, ta kwana ta tashi har bayan bazara.

Sakamakon wannan aiki yana bazuwa ne a manyan wurare uku. A lambun Zhaolin ana ci gaba da nuna ƙananan fitilu da sassaƙe-sassaƙe irin na asali. A Tsibirin Rana, wanda ke arewacin kogin, ana baje manyan siffofin da aka sassaƙa daga dusar ƙanƙara da aka danne ta yi tauri, wadda galibinta inji ne yake samar da ita, kuma an fi kallonsu da rana. A Duniyar Ƙanƙara kuwa, wadda ta fi kyau bayan faɗuwar rana, ana gina hasumiyoyi da fadoji da gadoji, wasu tsayinsu ya haura mita 40, tare da hanyar zamiya wadda tsawonta ya wuce mita 500. A hunturun 2023 zuwa 2024 filin ya mamaye murabba'in mita 810,000, a shekarar da ta biyo baya ya kai murabba'in mita miliyan 1, a daidai lokacin da birnin yake shirin karɓar Gasar Wasannin Hunturu ta Asiya a Fabrairun 2025, gasar da ya taɓa karɓa a 1996. Akwai bukukuwa makamantan wannan a wasu ƙasashe, kamar na Sapporo a Japan da aka fara a 1950 da na Quebec a Kanada, amma ta fuskar girman gine-ginen ƙanƙara, na Harbin ne a gaba.

Domin a gane dalilin da ya sa birni zai zuba wannan ƙoƙari a kan abin da zai narke cikin wata biyu, sai an dubi halin tattalin arzikinsa. A shekarun 1950, arewa maso gabashin Sin shi ne cibiyar manyan masana'antun ƙasar, kuma a Harbin aka kafa masana'antun ƙera tukwanen tururi da injinan samar da lantarki da taimakon Tarayyar Sobiyet, yayin da aka gano man fetur a Daqing, cikin lardin, a 1959. Da ƙasar ta karkata ga tattalin arzikin kasuwa, sai jari da aikin yi suka koma biranen gaɓar teku na kudu, aka sallami ɗimbin ma'aikatan masana'antun gwamnati a ƙarshen shekarun 1990, matasa suka riƙa ƙaura, har yawan mutanen lardin Heilongjiang ya ragu daga kimanin miliyan 38 a 2010 zuwa ƙasa da miliyan 32 a 2020. A irin wannan yanayi, baƙon da ya zo kallon ƙanƙara yana ciyar da direban tasi da mai masauki da mai sayar da hula da safar hannu da manomin da ke yankan kogi, a watannin da a da babu abin yi sai zaman ɗaki. Alƙaluman hukumomin birnin sun nuna cewa a hutun kwana uku na sabuwar shekarar 2024 kaɗai, Harbin ya karɓi baƙi fiye da miliyan 3, aka kuma sami kuɗin shiga da ya kai kusan yuan biliyan 6.

Wani al'amari da ya faru a farkon hunturun 2023 zuwa 2024 ya fi alƙaluman bayyana sirrin nasarar. A ranar da aka buɗe Duniyar Ƙanƙara a watan Disamba, cunkoso ya yi yawa, mutane suka yi sa'o'i a layi cikin sanyi ba tare da sun sami shiga wasannin da suka biya dominsu ba, har wasu suka ɗaga murya suna neman a mayar musu da kuɗinsu. Masu kula da filin suka ba da haƙuri a bainar jama'a, suka mayar da kuɗin, hukumomi suka sa baki aka gyara tsarin layi, kuma a makonnin da suka biyo baya aka ƙara ɗakunan jin ɗumi a tituna, mazauna gari da dama suka riƙa ɗaukar baƙi a motocinsu kyauta, labarin ya bazu a kafafen sada zumunta na ƙasar, baƙi suka ninka. Garuruwa masu sanyi irin na Harbin suna da yawa a arewacin Sin da Rasha da Mongoliya, saboda haka ba za a ce yanayi kaɗai ya kawo masa wannan kasuwa ba. Abin da ya fifita shi shi ne riƙon amanar baƙo da tsayawa a kan lokaci, ta yadda mutumin da ke nesa zai iya sayen tikitinsa tun watanni kafin ranar, yana da yaƙinin cewa bikin zai gudana kamar yadda aka alkawarta.

Masu suka suna da hujjojinsu, kuma bai dace a yi watsi da su ba. Suna cewa wutar lantarkin da ake ƙonawa da man da motoci da injina suke sha domin abin da ba ya daɗewa almubazzaranci ne, musamman a yankin da har yanzu ya dogara da kwal wajen ɗumama gidaje na tsawon wata shida, daga Oktoba zuwa Afrilu, abin da yake gurɓata iskar birnin. Suna kuma cewa kasuwar wata biyu ba za ta maye gurbin masana'antun da suka durƙushe ba, cewa farashin masauki yakan yi tashin gwauron zabo har ya fi ƙarfin talaka, kuma rabon da ke isa hannun mai yankan ƙanƙara ƙanƙani ne idan aka kwatanta da hatsarin da yake fuskanta. Duk waɗannan gaskiya ne gwargwado, kuma akwai ƙari a kansu, domin ɗumamar yanayin duniya tana barazana ga tsawon lokacin bikin, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2024 lokacin da ɗumi ya sa aka rufe filin tun tsakiyar wata. Amma waɗannan hujjoji suna kira ne ga gyara, wato a kyautata ladan ma'aikata da kariyarsu, a sa ido kan farashi, a rage dogaro da kwal. Babu ɗaya daga cikinsu da ta isa ta sa a ce mutanen da suka gaji hunturu mai tsanani su naɗe hannu su zauna, alhali sun gano hanyar cin halaliyarsu daga gare shi.

Daga nan sai haƙƙin da ke kan baƙo, wanda farkonsa shi ne haƙƙin jikinsa. Wannan batu ya shafi masu karatun wannan fili kai tsaye, domin 'yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou da Yiwu sarin kaya, da ɗaliban da ke karatu a jami'o'in Sin, suna cikin waɗanda sha'awar gani za ta iya kai su Harbin, kuma daga Guangzhou tafiyar ta wuce awa huɗu a jirgin sama, daga gari mai ɗumi zuwa wanda ya fi shi sanyi da kimanin digiri 30. Haɗari na farko shi ne ƙunar sanyi, wato daskarewar fata da naman da ke ƙarƙashinta, wadda takan fara da yatsu da hanci da kunne, wurin ya mutu ya yi fari, kuma idan ta yi nisa takan kai ga yanke gaɓa. Na biyu shi ne faɗuwar zafin jiki ƙasa da digiri 35, wadda alamunta su ne karkarwa da ruɗewa da sarƙewar harshe. Maganinsu shi ne sa tufafi hawa-hawa, na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska, tare da takalmi mai kaurin ƙasa, da yawan shiga ɗakunan ɗumi, kuma ba a murza wurin da ya daskare ko a kara shi a wuta, sai dai a ɗumama shi a hankali da ruwa mai ɗumi. Mai ciwon sikila, wanda sanyi yake tayar masa da ciwo mai tsanani, da mai asma da mai ciwon zuciya, bai kamata su yi wannan tafiya ba sai da shawarar likita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Matafiyi Musulmi yana da ƙarin abin lura. A watan Disamba rana takan faɗi a Harbin da misalin ƙarfe huɗu na yamma, saboda haka azahar da la'asar da magariba sukan matso kusa da juna, kuma yana da kyau mutum ya nemi bayanin malamai tun yana gida game da hukuncin shafa a kan huffi da sallar matafiyi. Birnin yana da tsohuwar al'ummar Musulmi ta ƙabilar Hui, da babban masallaci a unguwar Daowai wanda tarihinsa ya koma ƙarshen ƙarni na 19, da gidajen abinci na halal waɗanda akan gane su da alamar da ke ƙofarsu, sau da yawa haɗe da rubutun Larabci. Sanin wannan yana da amfani, domin wasu daga cikin abincin da birnin ya yi suna da su, ciki har da jan sosej ɗinsa, da naman alade ake yin su.

Haƙƙi na biyu shi ne na tarihin birnin. Harbin na zamani ya taso ne daga 1898, lokacin da Rasha take shimfiɗa layin dogo ta cikin Manchuriya, wato arewa maso gabashin Sin, domin gajarta hanyar zuwa Vladivostok, kuma bayan juyin juya halin 1917 dubun-dubatar Rashawa masu gudun hijira suka zauna a cikinsa, tare da Yahudawa da 'yan Poland da Tatar da sauran al'ummu. Sawunsu yana nan a majami'ar Sofiya mai koriyar ƙubba, wadda aka fara ginawa a 1907 aka kammala ginin da ake gani yanzu a 1932, da kuma Babban Titi mai shimfiɗar duwatsu, wanda tsawonsa ya kusa kilomita ɗaya da rabi, inda har yau ake sayar da burodi irin na Rasha, mutane kuma suke shan askirim a tsakiyar hunturu. Wanda ya taka wannan titi da idon basira zai ga yadda kasuwanci da mulkin mallaka da gudun hijira suka haɗu suka gina gari guda.

Akwai kuma wurin da bai kamata mai hankali ya tsallake ba, ko da yake babu annashuwa a cikinsa. A unguwar Pingfang, kimanin kilomita 20 kudu da tsakiyar birnin, sojojin Japan da suka mamaye yankin daga 1932 zuwa 1945 sun kafa sansanin da aka sani da Runduna ta 731, ƙarƙashin jagorancin likitan soja Shiro Ishii, inda aka yi gwajin makamai masu yaɗa cututtuka a jikin fursunoni masu rai, yawancinsu Sinawa, tare da Rashawa da Koriyawa, aka hallaka aƙalla mutum 3,000 a cikin sansanin. Daga cikin ta'asar da aka yi har da fitar da mutane waje cikin hunturu ana jiƙa gaɓoɓinsu da ruwa har su daskare, domin nazarin ƙunar sanyi. Bayan yaƙin, Tarayyar Sobiyet ta gurfanar da mutum 12 a Khabarovsk a 1949, yayin da Amurka ta ba Ishii da wasu manyan jami'an kariya daga shari'a domin ta karɓi sakamakon gwaje-gwajensu. A yau wurin gidan tarihi ne, an kuma buɗe sabon zauren nuni a 2015. Sanyin da ake sassaƙa fadoji da shi a arewacin kogin shi ne aka yi amfani da shi wajen azabtar da bayin Allah a kudancin birnin, kuma baƙon da ya ga na farko ya kau da kai daga na biyu ya tauye wa mutanen garin haƙƙin a san abin da ya same su.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ilimin yana samuwa ne ga wanda ya tafi da niyyar koyo. Duk wanda ya ƙuduri aniyar zuwa Harbin, ya fara da ganin likita da tanadin tufafin da suka dace, ya ware yini guda domin Pingfang kamar yadda zai ware dare domin fitilun ƙanƙara, ya girmama ma'aikatan da zai tarar suna aiki a kan kogi da cikin filin, ya nemi izininsu kafin ya ɗauke su hoto, ya kuma kiyaye dokokin wurin da mutuncin ƙasar da ya fito. Wanda lafiyarsa ko aljihunsa ba za su ɗauki wannan tafiya ba, ya haƙura da ita, domin babu kallon da ya kai darajar lafiyar mutum.